Haraji, Gumi da Amana: Shin Wanda Ya Ɓoye Cinikinsa Ya Yi Laifi?

  

Kwanakin baya, bayan mun idar da sallar la'asar a masallacin layinmu, wani maƙwabcinmu mai shagon kayan masarufi ya yi zaune har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, ina da tambaya, amma don Allah kada ka ba ni amsar kan mumbari. Masu haraji sun zo shagona sun tambaye ni cinikina na shekara, na faɗa musu rabi. A satin nan kaɗai tikiti uku na yanka a hannun mutum uku. Ruwa a wurin 'yan garuwa nake saya. Kwatar layinmu da kuɗinmu muka gyara. Da taransifoma ta ƙone, karo-karo muka yi. To, Malam, na yi zunubi ko ban yi ba?"

Ba mu amsa masa nan take ba, domin mu ma 'yan kasuwa ne. Hannun da ke jan carbi bayan salla shi ne ke ƙirga canji a shago, kuma abin da ya dame shi ya daɗe yana damun mu. Muka ce ya ba mu lokaci mu duba abin da malamai suka faɗa, mu tambayi yaranmu da suka karanci tattalin arziki a jami'a, mu kuma tuna abin da iyayenmu suka ba mu labari. Abin da muka samo shi ne muka rubuta a nan, tun da tambayar ta shafi kowa daga Taminus har Katako da Farin Gada.

Haraji ne ya koro da yawa daga kakanninmu

Mu fara da tarihinmu, don ruwa ba ya tsami banza. Wasu kakanninmu fatauci ne ya kawo su wannan tudu, wasu almajirci, wasu sana'ar fawa ko ɗinki. Amma da yawa aikin kuza ne ya kawo su, kuma in ka bi sawun aikin kuza sai ka tarar da haraji a bayansa. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, sun tsara haraji a hannun sarakuna, sannu a hankali kuma suka ce a riƙa biya da kuɗin Turawa. Manomin da ke da rumbu cike da gero, amma ba shi da sule ko ɗaya, ina zai samo? Dole ya noma gyaɗa ko auduga ya sayar, ko kuma da rani ya ɗauki buzunsa ya nufo Naraguta, Bukuru ko Barikin Ladi ya ɗauki kwanon ƙasa a ka. Jirgin ƙasa na ƙaramin layi daga Zariya ya iso nan wajejen 1914, ya ƙara sauƙaƙa zuwan. Wasu suka haɗa kuɗin haraji suka koma gida kafin damina, wasu suka zauna, suka yi aure, suka haife mu.

Maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere su ma ba su tsira ba. An aza musu haraji, an haƙe gonakinsu, kuma kududdufan da muke gani har yau a hanyar Bukuru da Rayfield shaida ce ta abin da suka rasa. Yana da kyau mu riƙa tuna wannan idan muna lissafin wahalarmu.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adanar kuzarta. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa aka jibge su a filayen kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina suka faɗa cikin sanyin Jos babu bargo babu isasshen abinci. Da yawa suka mutu, da yawa suka gudu cikin dare. Wani masanin tarihi, Bill Freund, ya rubuta littafi a kan jari da ƙwadago a ma'adanan kuzar Nijeriya a 1981. Abin da tarihin wannan lokaci ya nuna shi ne leburori sun ƙaru ƙwarai, amma kuzar da aka haƙo ba ta ƙaru daidai da yawansu ba. Ana iya tilasta wa mutum ya riƙe shebur, ba a iya tilasta wa zuciyarsa ta so aikin.

Darasi na farko ke nan: ɗan Adam ba dutse ba ne. Duk dokar da aka aza masa, sai ya motsa. Bafulatani yana jin masu jangali sun doso zai raba garkensa ya tura rabi bayan dutse. Magidanci yana jin za a yi ƙidayar haraji zai tura samarin gidansa cin rani. Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila an taɓa aza haraji a kan yawan tagogin gida, daga 1696 har 1851, sai mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo, suka zaɓi duhu da rashin iska a kan biyan kuɗi. A nan gida kuma, matan Aba sun tashi a 1929 da suka ji raɗe-raɗin za a sa musu haraji. Ƙin jinin haraji da jangali yana cikin abin da ya ba NEPU farin jini a wurin talakawa, shi ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su.

Abin da masu bincike suka gano

Tun ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya lura da wannan a cikin Muƙaddimarsa. Ma'anar abin da ya bayyana ita ce, daula tana sabuwa takan aza haraji kaɗan ta tara da yawa, idan ta tsufa ta saba da almubazzaranci sai ta aza da yawa ta tara kaɗan, domin mutane sun karaya da noma da kasuwanci. Masanan zamani sun gwada irin wannan magana a aikace. A birnin Kananga na ƙasar Kwango, masu bincike sun haɗa kai da gwamnatin lardi a kan harajin gidaje. An yi wa wasu gidaje rangwame har zuwa rabi, an bar wasu da cikakken kuɗi. Da aka yi lissafi, sai aka ga inda aka rage kuɗin an fi samun masu biya, har jimillar abin da ya shiga baitulmali ta fi yawa. A wannan birni dai an gwada ba masu unguwanni aikin karɓa a wasu wurare, ma'aikatan gwamnati a wasu, sai masu unguwanni suka fi tarawa, saboda sun san gidan da ke da hali da gidan da ko tukunya ba a ɗora ba.

A lardin Punjab na Fakistan kuma an gwada ba masu karɓar haraji lada daidai da abin da suka tara. Kuɗin shiga ya ƙaru, amma toshiyar da ake ba su ita ma ta ƙaru, domin an ƙara musu ƙarfin ciniki a kan mai gida. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jin "Alhaji, ka kawo wani abu mu rufe maganar" ya san wannan ba sai an kai shi Fakistan ba.

Binciken da ya fi tsaya mana a rai shi ne na ƙasar Denmak, wadda ake yaba mutanenta da biyan haraji. An binciki takardun mutum fiye da dubu arba'in. Aka tarar masu albashi, waɗanda ma'aikatarsu ke kai rahoton abin da ta biya su, kusan babu mai ɓoye komai. Amma a kuɗin da mutum ne da kansa ke faɗin abin da ya samu, ɓoyon yana da yawa. Wato gaskiyar da yawansu ta rashin hanya ce. Wannan ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, mu daina cewa mu 'yan Nijeriya wata halitta ce ta daban da aka gina a kan ha'inci. Na biyu kuma ya fi ɗaci: mu da muke cewa mun yi imani da Wanda ke ganin mu ko ba ma ganin Sa, ashe in gaskiyarmu ta tsaya a inda ake ganin mu kawai, ba mu da abin da za mu nuna wa kowa.

Nan ne iyakar ilimin masu bincike. Suna iya gaya wa gwamnati cewa in ta matsa, mutane za su zame. Wannan gargaɗi ne ga mai mulki, kuma gaskiya ne. Amma faɗin abin da mutane kan yi daban ne da faɗin abin da ya halatta su yi. Mutane kan tauye mudu idan kasuwa ta yi tsanani, wannan bai goge Suratul Muɗaffifina ba. Maƙwabcinmu bai tambaye mu abin da mutane ke yi ba, ya sani sarai. Hukuncin ya tambaya.

Abin da malamai suka ce

Asali a shari'a dukiyar mutum tana da alfarma, ba a taɓa ta sai da haƙƙi. Hadisai sun yi kashedi mai tsanani a kan makasu, wato kuɗin da ake tare mutane a karɓe musu ba bisa haƙƙi ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi a kan ɗibar zaɓaɓɓun dukiyoyin mutane, ya kuma tsoratar da shi addu'ar wanda aka zalunta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da karɓe-karɓen kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Don haka mai cewa a cikin haraji akwai zalunci bai ƙirƙiro magana ba.

Amma malaman ba su tsaya nan ba. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafi guda, Kitabul Kharaji, a kan yadda za a karɓi kuɗin ƙasa da adalci, a zaɓi amintattun ma'aikata, kada a ɗora wa mutane abin da ba za su iya ba. Imamu Gazali, da Imamu Shaɗibi wanda Bamalike ne irinmu, sun yi bayanin cewa idan baitulmali ya gaza, ga kuma buƙata ta gaske kamar tsaron ƙasa, shugaba na iya aza wa masu hali wani abu gwargwadon buƙatar, da sharaɗin adalci. Zakka kuwa tana da gurbinta. Kashi biyu da rabi cikin ɗari ce a kayan kasuwanci idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba. Ba a shimfiɗa kwalta da ita, ba a biyan albashin malamin firamare da ita. Saboda haka zakka ba ta ɗauke haraji, haraji kuma ba ya ɗauke zakka. Wanda ya ce ya biya gwamnati don haka ya fita daga haƙƙin miskinai, ya yaudari kansa.

Idan muka auna abin da ake karɓa a hannunmu da wannan ma'auni, sai mu ga kashi uku ne, mu ne muke cakuɗa su. Akwai harajin da doka ta rubuta, da adadinsa, da asusun da yake shiga, da rasit. Akwai kuɗin da wasu ke tare mai kaya ko mai mota su karɓa da tsawa, babu takarda ko kuma takardar bogi ce. Dokar tarayya ta 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Wannan kashi na biyu shi ne ɗan'uwan makasu, wanda ya kauce masa bai ci amanar kowa ba, wanda kuma aka tilasta ya biya, zunubin yana kan mai karɓa. Na uku shi ne toshiyar da mu da kanmu muke miƙawa don a rubuta mana ƙasa da gaskiya. A wannan kam, mu da mai karɓa mun yi tarayya, kuma mu ne muke kiwon kurar da ke cinye mana awaki.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Yanzu mu zo ga maganar da ta fi nauyi, wadda maƙwabcinmu bai furta ba amma muka ji ta a muryarsa. Babbar Kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwa da yawa ba su sake miƙewa ba, sauran suka watsu bakin titi. Mun ga tashin hankalin 2001 da 2008 da 2010, mun binne 'yan'uwa, maƙwabtanmu su ma sun binne nasu. Yaron da aka haifi kakansa a Gangare ko Dilimi yana shan wahala kafin ya sami takardar shaidar zama ɗan asalin wuri, wadda ake nema wajen ɗaukar aiki da tallafin karatu. Sai mutum ya ce: ranar karɓa ni ɗan gari ne, ranar rabo ni baƙo ne, to don me zan biya?

Wannan ciwo na gaske ne, ba za mu shafa masa mai mu wuce ba. Wasu masu bincike biyu, Cristina Bodea da Adrienne LeBas, sun tambayi mazauna biranen Nijeriya ra'ayinsu a kan haraji. Sun gano wanda ya ga aikin gwamnati da idonsa ya fi yarda cewa biyan haraji wajibi ne, wanda kuma jama'ar unguwarsa ke yi wa kansu hidima ya fi ƙarancin yarda. Kamar da mu suke. Mu muke haƙa rijiyar burtsatse, mu muke biyan 'yan sintiri, mu muke gina Islamiyya, sai zuciya ta ce ai mun riga mun biya namu.

Duk da haka, akwai tambaya uku da ya kamata mu yi wa kanmu. Ta farko: in babban ɗan kasuwa ya zame, wa nauyin ke faɗa wa? Gwamnati ba ta haƙura da kuɗi. Malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti tun kafin albashi ya iso hannunsu an cire. Harajin kayayyaki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020, yana bin mai saye duk talaucinsa. Mai tallan awara da mai tura baro ba su da bakin da za su yi ciniki da masu tikiti, kullum sai sun biya. In ka haɗa abin da mai baro ke biya a shekara ka auna da abin da yake samu, sau da yawa kasonsa ya fi na mai shago uku. Ashe wanda muke zaton muna yi wa wayo ba shi ke ɗaukar asarar ba.

Ta biyu: shin da gaske ba ma cin komai? Titin da motar dankali da kabeji ke bi ta iso Farin Gada, da asibitin da muke garzayawa da mai naƙuda cikin dare, da makarantar gwamnatin da 'ya'yan marasa hali ke zuwa, da jami'ar da yaranmu suka gama, duk da lalacewarsu da kuɗin jama'a ake riƙe su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muna da damar cewa abin da ake ba mu bai kai abin da ake karɓa ba, amma cewa ba a ba mu komai, wannan ya wuce gaskiya.

Ta uku: me ɓoyon ke jawo wa matsayinmu a garin nan? A Kananga ɗin da muka ambata, lokacin da aka fara bin gida-gida ana karɓar haraji a 2016, an lura mutanen unguwannin da aka bi sun fi halartar taron ganawa da hukuma, sun fi kai ƙorafi a rubuce. Wanda ya biya yakan ji yana da bakin tambaya. Mu da ake yi wa gorin baƙunta mun fi kowa buƙatar wannan baki. Akwai gidaje a unguwar nan da ke ajiye da tsofaffin takardun harajin kakanninsu a cikin adaka, kuma idan gardama ta tashi a kan tun yaushe muke nan, su ake fitowa da su. Tsohon da ya biya wancan kuɗi cikin ƙunci bai san yana bar wa jikansa shaida ba. Mu me za mu bar wa namu? Wanda ya goge sunansa daga littafin masu biya, ya taimaki mai son goge shi daga littafin 'yan gari.

Mu ma hukuma ce a shagunanmu

Ba za mu rufe ba sai mun juyo da madubin. Yadda haraji ke motsa mutane, haka dokar aiki ke motsa su. Da aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru a zamanin Gwamna Jonah Jang, matasanmu ba su ɓace ba. Masu hali sun koma Keke Napep, wasu sun ƙaura wasu garuruwa, wasu sun ci gaba a ɓoye cikin lunguna, wasu kuma sun zauna zaman banza a bakin layi, kuma kowa ya san abin da zaman banza ke haifarwa. Ko da dalilin doka mai kyau ne, in ba a tanadi inda mutum zai koma ba, shi zai nemo wa kansa.

A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Mu 'yan kasuwa mukan ce in aka ƙara kuɗin aiki dole a rage ma'aikata. Wani lokaci haka ne, amma ba kullum ba. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa. Masana biyu, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen abinci kimanin 400 a can da maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga aiki ya ragu ba. An yi ta gardama a kan binciken, amma Card ya sami kyautar Nobel a 2021. Mu ma mun san wani abu makamancin haka daga kasuwa: yaron da ake kyautata wa ya fi daɗewa, ya fi kula da kaya, hannunsa ya fi nisa da aljihun shago.

Dokar albashin ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato yawancinmu ba ta shafe mu. Amma hadisin gumin ɗan ƙwadago ya shafe mu. Nawa muke ba yaran shagonmu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka ninka? Yara nawa suka yi shekara bakwai suna yi wa maigida hidima da alkawarin za a sallame su da jari, ranar sallama ta zo aka ƙirƙiro musu laifi? Ɗan dakon da ya sauke buhu hamsin, sau nawa muka ce masa ya dawo gobe? Yaron da ya ga maigidansa yana yi wa mai haraji ƙarya da rantsuwa, ya koyi darasi, kuma a kan maigidan zai fara gwada shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Irin adalcin da muke nema a wurin hukuma, akwai masu neman sa a wurinmu.

Amsar da muka ba shi

Bayan sati biyu muka zauna da maƙwabcin namu. Muka ce masa: Alhaji, kukanka gaskiya ne, kuma wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya cinye zai amsa a gaban Allah, hisabinsa ya fi naka tsawo. Amma zaluncinsa bai halatta maka ƙarya ba, balle ka haɗa da rantsuwa. Kuɗin da ba ya cikin doka, ka ƙi biya in kana da iko, in an fi ƙarfinka ka biya ka bar su da Allah. Wanda doka ta aza, ka faɗi gaskiyar cinikinka, ka kuma faɗi gaskiyar ɗawainiyarka da asararka, domin a kan riba ake lissafi, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa hannunka ba. In an yanka maka abin da ya wuce ƙima, ka yi jayayya a fili, wannan haƙƙinka ne. Neman sauƙi ta hanyar da doka ta buɗe halal ne. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, aka sa farkon Janairun 2026 ya zama ranar fara aiki da su, sun ɗauke haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Da yawa daga masu ɓoyo, da sun riƙe littafin ciniki, da sun tarar abin da ke kansu bai kai toshiyar da suke bayarwa ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, in ni kaɗai na yi gaskiya, maƙwabcina bai yi ba, ai kayansa za su fi nawa araha." Wannan ma gaskiya ce, kuma ba mu da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Gaskiya tana da tsada, wani lokaci mai ita yakan yi asara a duniya. Abin da za mu iya shi ne mu rage wa mai gaskiya tsadar, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa muke kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da masu unguwanni da limamai. A nemo jerin harajin da doka ta amince da shi, a fassara da Hausa, a manna a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Kada kowa ya biya sisi babu rasit, in da hali a biya ta banki. Kowace ƙungiya ta tara kwafin rasit ɗin 'ya'yanta, a ƙarshen shekara a haɗa jimilla, a je wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a ce ga abin da layinmu ya biya, ina kwatarmu, ina famfonmu? A yi wannan tafiya tare da maƙwabtanmu 'yan kasuwa Birom da Ibo da Yarabawa da sauransu, domin mai tikitin bogi ba ya tambayar addini kafin ya karɓa. Matasanmu da suka yi karatun lissafin kuɗi su ware rana guda a wata su koya wa iyayensu riƙe littafi, sadaka ce mai gudana.

Ga masu mulki kuma, nasiharmu ita ce ta Ibn Khaldun da ta filayen kuza. Ku sauƙaƙa, ku haɗe karɓe-karɓen nan wuri guda, ku nuna wa mutane inda kuɗinsu ya tafi, ku kuma daidaita tsakanin duk wanda ya biya. Saniyar da ake tatsa ba a ba ta dusa, wata rana ƙafa za ta ɗaga.

Wannan shi ne iyakar fahimtarmu. In mun dace daga Allah ne, in mun kuskure daga gare mu ne, kuma ƙofa a buɗe take ga malaman da suka fi mu sani su gyara mana a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa mu zama mabiya masu gaskiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da Jos da Jihar Filato lafiya.